Kindirmon Inna da Waifai Mai Ɓacewa da La'asar

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu matsalar da kwamfuta ba za ta warware ba, na haɗa wa mahaifiyata wata 'yar na'ura da ta kusa sa ni tafiya ina magana ni kaɗai a titi.

Mahaifiyata kindirmo take yi. Tun kafin a haife ni take yinsa a gidanmu na unguwar Ɗan Iya, da madarar da danginta ke aiko mata daga Zungur. Takan dafa madarar bayan azahar, ta sauke, ta jira ta huce, sannan ta zuba iri, wato ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe sai da safe. Duk sirrin yana wurin jiran nan. In aka zuba iri madara na da zafi, ya mutu. In aka bari ta yi sanyi, da safe sai a tarar da abu tsararo, ba kindirmo ba, ba madara ba. Ita kuwa ma'auninta ƙaramin yatsanta ne. Ta tsoma, ta ce, "Ya yi."

Sai ciwon suga ya zo ya ɗauke mata jin yatsun. Ba mu sani ba, don ba ta faɗa ba. Mun gane ne ranar da ta sauke tukunya ta ƙone a tafin hannu, ba ta ji komai ba sai da wurin ya tashi ya ɗuri ruwa. Idon ma ya yi rauni, ba ta iya karanta lambar ƙaramin ma'aunin zafi da na fara sayo mata. Nono ya soma lalacewa, yau ya kama, gobe ya tsinke.

Yayana, wanda shi ne ɗan fari, ya ce a bar sana'ar nan haka. Ba mugunta ba ce, ƙunar hannun ce ta tsorata shi. A al'adarsu Inna ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi jayayya da shi. Ni ne auta, a kaina ake sauke komai. Da ya tafi ta kira ni ɗaki ta ce, "Auta, ka gaya wa wancan, in na bar nono, me zan tashi in yi da safe?"

Na je na same shi. Muka yi ta ja, har ya yarda da abu ɗaya: ita ba za ta ƙara ɗaga tukunya ba, matar ƙanin babanmu da ke gidan za ta riƙa sauke mata, ni kuma in nemo dabarar da za ta maye gurbin yatsan. In azumi ya kama nono bai daidaita ba, shi da kansa zai aika Zungur a daina kawo madara.

Ina da wani aboki da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar da ke Gubi. Shi ya ba ni wata 'yar kwamfuta tsirara, koren allo ne kawai da bai fi tafin hannu ba. Muka jona mata siririyar igiya mai kan ƙarfe da ake tsomawa cikin madara don auna zafi. Da farko na so in sa mata abin ƙara, ta yi ƙiiit in madara ta huce. Inna ta ce a'a. "Kada ka kawo min abin da zai tara min unguwa." Na ɗauka ƙarar ce ba ta so. Sai muka tsara cewa kwamfutar ta hau waifai na ɗan akwatin intanet da ke ɗakina, in zafi ya sauko daidai ta aika saƙo wayar Inna ta yi ƙara kamar an kira ta. Ni ma daga ofis ina iya ganin yadda zafin ke sauka a tawa wayar.

Ranar gwaji, wata Asabar, komai ya tafi sumul. Waya ta yi ƙara, Inna ta zuba iri, da safe kindirmo ya kama har cokali na tsayawa. Na yi ta yawo a tsakar gida ina hura hanci. Na kira Yaya na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ilimi ya yi aikinsa.

Ran Litinin ina ofis, ina kallon lambobi na sauka a hankali, sai wajen la'asar suka tsaya cak. Kwamfuta ta ɓace daga waifai. Inna ta zauna da waya a cinya tana jiran ƙarar da ba ta zo ba, har madara ta yi sanyi. Da na dawo da magariba na tarar da kwamfutar a kan farantin silba inda Inna ta ɗora ta, fitilarta na ƙiftawa, tana kan waifai lafiya lau kamar ba ita ba.

Talata haka. Laraba haka.

Daga nan na shiga abin da abokina ke kira bin layi, wato gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Mutumina, caja ce. Irin waɗannan in wuta ba ta ishe su ba, waifai suke fara yarwa." Na sayo sabuwar caja. Ba ta canza zani ba. Ya ce to ɗauke wuta ne, na haɗa ta da batir, na haɗa akwatin intanet da sola. Ya ce akwai wani saiti da ke sa ta barci don adana wuta, na nemo shi na kashe. Na sake kalmar sirri, don na fara zargin samarin maƙwabta na shan intanet ɗinmu. Na goge memorin na sake zuba komai tun daga farko. Na ciro akwatin intanet daga ɗakina na rataye shi a jikin bishiyar darbejiyar tsakar gida, har kaji suka riƙa ɗaga kai suna kallonsa. Kamfanin layin ma bai tsira daga bakina ba, alhali ba ruwansu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, duk ranar da na zauna a gida ina gadinta, ba ta taɓa yankewa. Zan shige ɗakin nonon in zauna a kan tabarma, Inna ta saki labule ta fitar da ƙorai tsakar gida tana sallamar masu saye a can, tana ce musu, "Auta na ciki yana karatu." Kwamfuta ta yi aikinta tsaf. In koma ofis, ta ɓace.

Abokina ya zo da kansa wata Lahadi, ya zagaye gidan da wayarsa a sama yana auna ƙarfin sabis. Ya sha fura ƙwarya guda, ya goge baki, ya ce, "Gaskiya ni ban ga komai ba. Ko dai abin nan tsoronka yake ji?"

Bayan ya tafi na sami Inna. "Inna," na ce, "in ba na nan, akwai mai taɓa ta?"

"Wa zai taɓa maka abinka?" in ji ta. Kuma gaskiya ta faɗa, ba wanda ya taɓa ta.

Ana haka watan Sha'aban ya raba. Masu sayen nono suka fara 'yan maganganu, wata ta dawo da ƙwarya ta ce na jiya ruwa ne. Yaya ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce, "Na ga kana ƙoƙari. Amma madara ake zubarwa, ita kuma tana zaune tana cin rai. Ka bar ta ta huta." Abin da ya fi tayar min da hankali, Inna ta daina tambayata ko na gyara. Da safe sai ta buɗe ƙwarya, ta duba, ta mayar da faifai ta rufe, ta koma ɗaki. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in aka raba ta da nonon nan zama za ta yi, kuma irin zaman nan ba ya yi wa tsofaffi kyau.

Sai na ce bari in yi wa kwamfutar kwanton ɓauna. Wata Alhamis na nemi izini a ofis, na dawo unguwa ban shiga gida ba. Na zauna a bencin mai shayin da ke kallon ƙofarmu, waya a hannu, ina kallon lambobi. Aka yi la'asar, na yi salla na dawo, tana nan. Can sai ga wasu mata biyu, tsofaffin masu sayen nonon Inna, da kwanukansu. Suka yi sallama suka shige. Ban gama kurɓar shayin da ke bakina ba, kwamfuta ta ɓace.

Na tashi na bi bayansu. Daga bakin zaure ina hango cikin ɗakin nono, don labule a ɗage yake. Matan sun bi Inna har ciki kamar yadda suka saba, suna zaɓar ƙwarya suna hira. A gefen tukunyar madara ga farantin silba, an kife masa babban kwanon silba a kai, siririyar igiyar nan ta fito ta ƙarƙashi ta ɓuya a bayan tukunya. Kwamfutata na ciki, ƙarfe sama ƙarfe ƙasa. Ko a makaranta an koya mana cewa saƙon iska ba ya ratsa irin wannan.

Dariya ce ta fara taso min, har na buɗe baki zan ce, "Haba Inna!" Sai na ji ɗaya daga cikin matan na cewa, "Hajiya, kwana biyu hannun nan naki ya yi mana rowa." Inna ta yi murmushi ta ce, "Madarar rani ce." Ta faɗa tana gyara tsayuwa yadda zaninta zai kare kwanon.

Na koma zaure na tsaya har suka fita.

Da na shiga, na same ta ta ɗaga kwanon tana ajiye shi gefe. Ta gan ni, ta ga na gani. Na durƙusa kusa da tukunyar kamar mai duba igiya.

"Ƙura nake kare mata," ta ce.

"Na sani, Inna."

Ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugunne, tana juya hannunta tana kallon tabon ƙunar. Can ta ce, "Matar nan da ka gani, ni na yi nonon bikinta, ni na yi na sunan 'ya'yanta. Duk unguwar nan cewa ake hannun Hajiya. So kake su shigo su ga inji ne ke gaya min zafi da sanyi? Gobe a ce Hajiya ta ƙare?"

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana haka a kan kanta ba. Idona ya cika, na sunkuyar da kai don kada in ƙara mata nauyi. Ashe in mata sun shigo takan rufe, su kuma ba sa yankewa sai dab da magariba, a tsakanin nan kuwa madara ke hucewa. Ba ta san rufewar ce ke toshe wa abin baki ba, ni kuma ban taɓa tunanin akwai abin rufewa ba.

Na ce, "Inna, ki ci gaba da rufe ta. Kullum ma ki rufe. Amma ba da kwano ba, ƙarfe ne ke tare mata magana. Ki ba ni ƙwarya da faifai."

Ta dube ni da shakka. "Ƙwarya ba ta tarewa?"

"Ba ta tarewa."

Ta miƙo min wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, wadda ta daina zuba nono a ciki. Na ɗora kwamfutar a kan faifai, na kife ƙwaryar, na duba wayata. Tana nan, sabis cike. A ɗakin mai nono kuwa, wa zai tsaya kallon kifaffiyar ƙwarya? Ba mu bar wurin ba wayarta ta yi ƙara a cikin ɗaurin zaninta. Ta tashi ta yi bismilla ta zuba iri. Ajiyar zuciyar da na yi a lokacin, har yau ina jin daɗinta.

Nono ya kama washegari, ya kama jibi, ya ci gaba da kamawa. Azumi ya zo, gidanmu ya cika da masu kwanuka kafin shan ruwa. Yaya ya tambaye ni mene ne ya lalace, na ce masa matsalar netwok ce, an gyara. Abokina ma haka na gaya masa, ya ce dama shi ya san caja ce. Na bar shi a haka.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Na bincika caja, na bincika batir, na zargi maƙwabta da kamfani, duk don ina ganin matsalar Inna ita ce yatsa ya daina jin zafi. Ita kuwa abin da ke damunta daban ne, tsoron ranar da mutane za su daina ganinta a matsayin wadda ta iya. Tun daga lokacin, in na yi wa babba wani taimako na ga yana ƙin karɓa ko yana ɓoyewa, ba na saurin cewa taurin kai ne. Nakan tsaya in duba abin da taimakon nawa ke tona masa a gaban jama'a.

Inna na nan da ranta, ta ƙara tsufa, tana kuma yin nono, ko da yake ba da yawa kamar da ba. Kafin in rubuta wannan sai da na je na durƙusa na nemi izininta, don sirrinta ne ba nawa ba. Na ce mutane da yawa za su karanta, har da 'yan unguwa, har da Yaya.

Tana jan carbinta ta ce, "Rubuta. Na tsufa da ɓoye-ɓoye. Amma ka gaya musu injin lokaci kawai yake faɗa. Nonon ni nake yi."