Ranar da Jirgi Ya Bar Malam Habibou a Halifax

Teburin Malam Habibou yana kan titin Fordham Road a yankin Bronx na New York, nawa kuma yana gefensa. Ni turare da man shafawa nake sayarwa. Shi kuwa sama yake duba kafin ya kasa kaya: in rana ta buɗe, tabarau, in hadari ya haɗu, laima, in sanyi ya shigo, hula da safar hannu. Mutumin Maradi ne. Ya zo New York da baƙin gemu, ya yi wankin kwanuka, ya yi gadin gareji, ya tuƙa tasi har bayansa ya ƙi, daga nan ya samu lasin kasa kaya a bakin titi ya zauna. Ba shi da yawan magana. In mai saye ya tsaya taya hula, sau ɗaya yake faɗin kuɗinta ya koma kallon titi, kamar hular ta wani ce aka bar masa ajiya.

A masallacinmu na unguwar Mount Hope shi ke wankan gawa. Ba wanda ya naɗa shi. Shekarun baya wani ɗan garin Tawa ya rasu, aka yi cirko-cirko ana kallon juna, sai Malam Habibou ya naɗe hannun riga, don ya ga yadda mahaifinsa ke yi a gida. Tun daga ranar, in waya ta zo, sai ya ja leda ya rufe teburinsa ya ce mini, "Malam Zayyanu, ga shago nan," ya tafi.

Matarsa Aïchatou, wadda kowa ke kira Maman Nafissa, kitso take yi a wani shago, a tsaye, tun safe har yamma, har gwiwoyinta suka fara ƙara. 'Yarsu Nafissa nas ce. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ita ce ta ga iyayenta ba su taɓa hutun da ba na jinya ko na ta'aziyya ba, ta saya musu tikitin jirgin ruwan yawon shaƙatawa, irin wanda ke tashi daga tashar Brooklyn ta nan New York da kaka, ya bi gaɓar teku zuwa Kanada ya dawo.

Malam Habibou ya ba ni labarin a bakin tebur.

"Ɗiyata ta ce mu shiga ruwa."

"Zuwa ina?"

"Nan za mu dawo."

"To me za ku je yi?"

"Na tambaye ta. Ta ce shi ne hutun."

Bai so ba, amma an riga an biya, kuma Maman Nafissa har ta ɗinka sababbin kaya. Suka tafi, na riƙe tebur biyu.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakinsa, na ji daga bakin matarsa, na kuma ji daga bakin wani Gafaru da za a zo kansa. Inda suka saɓa, na ɗauki na Maman Nafissa.

Jirgin, in ji Malam Habibou, unguwa ce guda aka ɗora wa ruwa, har da lif da shaguna. Abin da ya fi damunsa alƙibla. Sai ya daidaita dardumarsa ya tayar da salla, kafin ya sallame jirgi ya karkata. Ya bar wa Allah wannan. Abinci kuwa ba ya yankewa; ya tsaya kan kifi da shinkafa da burodi, yana kallon mutane suna cika faranti kamar gobe za a hana. Maman Nafissa ta gano kujerun da ake kishingiɗa a saman jirgi, ta samu bargo, ta miƙe ƙafa. Ya ce tunda ya aure ta bai taɓa ganinta zaune hannu ba komai ba, har ya tambaye ta ko lafiya.

Ranar Juma'a da safe suka isa Halifax. Tsohon gari ne na bakin teku, ya hau tudu, a ƙolin tudun akwai tsohon barikin soja mai ganuwa. Aka kwashe su a bas aka kai su can. Suka ga samari sanye da siket mai gida-gida suna fareti da bindigogin da, wani yana busa wata salka mai kuka. Da rana ta take aka harba igwa, kamar yadda ake yi a garin kullum. Turawa suka yi tafi. Maman Nafissa ta ce in dai don a san rana ta yi tsaka ne, ai da sun tambaya.

Daga nan ta ce gwiwarta ta isa, za ta bi bas ta koma jirgi. Shi kuwa ya ce zai nemi masallaci ya yi Juma'a ya same ta. Wayarsa tana cikin jakarta a kashe, don Nafissa ta gargaɗe su kada su kunna waya a ƙasar waje. Fasfonsa dai yana aljihun ciki, inda yake kullum. Agogon hannunsa kuma yana kan lokacin New York. An sanar a jirgi cewa garin yana gaba da awa guda, amma da Turancin lasifika aka sanar, shi kuwa ya daɗe da daina sauraron lasifika.

Ya tare tasi ya ce masallaci. Direban ya dube shi ta madubi, ya dubi hular, ya ce, "Baba, kana jin Hausa?"

Shi ne Gafaru, ɗan zangon Kumasi, ya shekara goma sha wani abu a garin. Suka yi salla sahu ɗaya. Bayan an sallame liman ya miƙe ya ce akwai gawa. Wani kuku ne na jirgin dakon kaya, mutumin Indunusiya, zuciyarsa ta tsaya suna tsakiyar teku. Jirginsu ya sauke shi ya wuce, danginsa kuma sun yarda a binne shi a nan. Dattijon da ke yi musu wanka yana kwance an yi masa aiki a hannu. Ko akwai wanda ya iya?

Gafaru ya fassara masa. Malam Habibou ya dubi agogonsa, ya ga da sauran lokaci mai yawa, ya ɗaga hannu.

Ya ce mini mamacin ɗan ƙarami ne, ba nauyi, da tabon ƙunar mai a damtsensa irin na masu aikin kicin. Ya yi masa wanka a natse yadda yake yi wa kowa, shi da Gafaru da wani Basomale suka sa shi a likkafani. Aka yi salla. Ranar aiki ce, mutane suka watse, waɗanda suka rage ba su da yawa. Maƙabartar kuma tana can bayan gari, tafiya ce sosai cikin itatuwan da ganyensu ya yi ja.

Gafaru ya ce, "Baba, bari in mai da kai jirgi. Ka yi naka."

"Wa zai kama mishi a kabari?"

"Za a samu."

Malam Habibou ya dubi waɗanda za a samu ɗin, ya sake duban agogo, ya shiga mota suka bi gawar.

Shi ya sauka cikin ramin ya karɓe shi, ya kwantar da shi ta gefen dama. Ƙasar wurin jiƙaƙƙiya ce, mai duwatsu, ta ɓata masa sabuwar shaddar da Maman Nafissa ta sa aka ɗinka don hoto. Suka rufe, suka yi addu'a, suka juyo. A hanya ne Gafaru ya tambayi lokacin tashin jirgi. Malam Habibou ya faɗa, ya nuna agogonsa. Gafaru ya dubi agogon, ya dubi na mota, ya ƙara wuta.

A can jirgi kuwa an yi ta kiran wani suna a lasifika. Maman Nafissa ta ce sai a kira na uku ta gane mijinta ake nufi. Wani ma'aikaci mai fararen kaya ya same ta, ya tambaya ina yake. Ta ce masallaci. Ya tambaya ko fasfonsa yana ɗaki. Ta ce yana jikinsa, wanka kaɗai ke raba su. Ya ce jirgi ba zai jira ba, in tana so ta sauka da kayansu ta tsaya masa, yanzu ne.

Na tambaye ta me ta ce.

"Na yi tunani, Malam Zayyanu. Na ce mutum ne babba, shina da baki, shina da fasfo, kuma wajen Musulmi ya tahi. Ni kuwa in na sauka da akwati biyu da wagga gwiwa, mun zama mu biyu ke nan a bakin ruwa. Sai na ce musu su tashi."

Ta ce ta dai tsaya a jikin ƙarfen saman jirgi tana duban tasha har aka kwance igiyoyi. Ta yi masa addu'a. Daga nan aka buɗe ɗakin cin abinci.

Da su Gafaru suka iso, jirgin ya wuce wani ɗan tsibiri mai hasumiyar fitila, yana ƙanƙancewa. Suka fito daga mota suka tsaya.

"Baba, wancan ne?"

"Shi ne."

"Ya tafi."

"Na gani."

Gafaru ya miƙa masa waya ya kira Nafissa. Ta yi magana mai tsawo da Turanci. Ya saurara har ta gama, ya ce, "Gawa ce, ɗiyata." Sai ta ce ya ba ta mai wayar. Halifax ce tashar ƙarshe, daga nan jirgin New York zai nufa kai tsaye, don haka ba inda zai tare shi. Ta nema masa jirgin sama na ranar Lahadi, ta kuma aika wa mahaifiyarta saƙo ta ofishin jirgin cewa an gan shi, yana lafiya.

Gidan Gafaru yana tsallaken ruwa, sai an shiga ɗan ƙaramin jirgin fito. Matar Gafaru ta wanke shaddar, ta ba shi shinkafa da wake irin na Gana da baƙin yaji. Ya ce shi ne abinci na farko da ya ji a bakinsa tun da ya bar Bronx.

Washegari Gafaru ya ƙi fita aiki, ya ce baƙo ba zai zo garinsu ya ga maƙabarta kaɗai ba. Ya zaga da shi bakin ruwa, kan doguwar hanyar katako, ya nuna masa tsofaffin ɗakunan ajiya na dutse da ginin da baƙin haure suke sauka a da, wanda yanzu ya zama gidan tarihi. Malam Habibou ya tsaya a rumfar masu sayar da huluna ya juya ɗaya ya duba ɗinkin, ya ce irin tasa ce, sunan gari kawai aka sauya. Daga nan Gafaru ya rasa sauran abin nunawa, sai ya kai shi wata maƙabartar. Ta mutanen da wani babban jirgi ya nutse da su ce, sama da shekara ɗari, aka tsamo su aka kawo nan. Wasu duwatsun da suna, wasu lamba kawai. Malam Habibou ya bi layin a hankali, hannu a baya. Ya ce ko su waye, an dai tsamo su, an rufe su, mutanen garin sun yi ƙoƙari.

Ya riga matarsa isowa New York. Ranar da jirgin ya dawo ya je Brooklyn ya tsaya cikin masu tarbar baƙi. Ta fito tana tafe a hankali, wani ma'aikaci na tura mata akwatunan, ta yi fes, har da tabarau.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Sannu, Malam. Ya hanya?"

"Lahiya lau. Ya ruwa?"

"Ruwa da daɗi."

Sai a cikin tasi ta tambaye shi wane ne ya rasu. Ya gaya mata. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta miƙo masa wayarsa.

Bayan wata biyu, muna tsaye a bakin tebur ana yayyafin ƙanƙara, wayar Malam Habibou ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Ƙanin mamacin ne daga Indunusiya. Limamin Halifax ya ba shi lambar Gafaru, Gafaru ya ba shi wannan. Ba ya jin Turanci, balle Hausa ko Faransanci. Suka yi sallama, suka maimaita ta. Mutumin ya yi ta magana cikin harshensu, Malam Habibou yana cewa "Na'am, na'am." Can sai ya fara karanta Fatiha, na ji wancan ya kama tare da shi. Malam Habibou ya shafa. Wata mata tana tsaye da safar hannu tana jiran canji, ta jira har aka gama.

Gafaru ya zo New York da bazara, ya kwana a Mount Hope, Malam Habibou ya kai shi ya ga gadar Brooklyn daga nesa ya ce masa sauran wuraren duk haka suke.

Maman Nafissa kuwa ta rage kwanakin kitso. Ita da wata ƙawarta ta unguwar Stapleton sun yi rajistar wani jirgin, mai zuwa tsibiran kudu inda ba sanyi. Na tambayi Malam Habibou ko da shi.

"An tambaye ni," ya ce. "Na ce a'a. Ba a sake tambaya ba."

Ya juya ya gyara jerin laimomi, don sama ta fara haɗuwa ta wajen titin Grand Concourse.