Dakta Falmata, wadda ta sa na kalli fuskar 'yata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaka da wanke shinkafa nas ɗin da ke aiki da ita ta kira ni. Dakta Falmata ta rasu jiya a Kano, bayan jinyar 'yan kwanaki. Har an kai ta.

Shinkafar na nan cikin ruwa, ban ɗora ba.

Ku da kuke bibiyata kun san ba kuka nake zuwa yi a nan ba. In na yi rubutu faɗa ne, a kan tarbiyya da iyayen da suka saki 'ya'yansu. Yau da kaina zan fara faɗan.

Ga wanda bai san ta ba, malamar jami'a ce mai bincike a kan ciwon kunne da rashin ji, da yadda ake taimakon wanda jinsa ya ragu ya ci gaba da zama cikin mutane. Duk bayan wata uku takan zo Haɗeja, ta shiga ƙauyukan fadama har Guri, wani lokacin a kwale-kwale, tana auna kunnuwan yara.

Ina da 'ya, ita ce ta fari. Mu Fulanin gari ne, an bar shanu amma ba a bar kunya ba. Ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita. In zan aike ta, daga ɗaki nake magana ko daga bayanta. Haka mahaifiyarmu ta yi wa yayarmu, ni ma na ɗauka mutuncin ke nan.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu muka koma zama a makarantar firamare, 'yar tawa tana da shekara shida. Ta yi zazzaɓi mai zafi, kunnuwanta suka riƙa zubar da ruwa mai wari. Muka ɗiga manja da ruwan albasa, muka goge da gashin kaza. Da ruwan ya tsaya muka ce an warke.

Daga nan yarinya ta canza. In kira sau uku, shiru. In ta juyo kuma sai ta ƙura wa bakina ido, ko ƙiftawa babu. Babba na magana, yarinya ta tsare shi da ido. A gidanmu ba rashin kunyar da ta kai wannan.

Na doke ta a kan rashin amsawa. Na doke ta a kan kallo.

Shekara biyu ina yi, sai da ta koyi sunkuyar da kai, har maƙwabta suna yaba ladabinta. A makaranta kuwa ta koma ta ƙarshe a aji, malamai suka ce ba ta da ƙwaƙwalwa.

Ranar da Dakta ta je makarantarsu gwajin yara, aka aiko a ce ana nemana. Na tafi da fushina, na ɗauka wani laifin ta yi. Na tarar da wata mata doguwa, da tabarau rataye a wuya, takalmanta duk taɓo. Ta ce in zauna in kalla. Ta tsaya a bayan yarinyar ta ce kifi, ta ce gero, ta ce rijiya. Yarinya ko motsi. Sai ta zagayo gabanta, ta ɗaga mata haɓa da yatsa, ta sake faɗar kalmomin da muryar da ba ta kai ta farko ba. Yarinya ta maimaita su duka, ba ta ɓata ko ɗaya ba.

Dakta ta tambaya wa ya koya mata sunkuyar da kai. Na ce ni ce, har da ɗan alfahari.

Ta ce, "Hajiya, kunnen ya tafi da fiye da rabi. Ido ne ya rage mata, da shi take jin ki. Shi kika hana ta."

Na hau keke mai ƙafa uku zan koma gida, ban san mun wuce layinmu ba sai da na gan ni a kasuwar kifi.

Duk da haka sai da na yi mata gardama. Na ce 'yar fari ce, ba zan iya zama ina kallon fuskarta ba, a yi da ni a dangi. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce ita ma 'yar fari ce, har mahaifiyarta ta koma ga Allah ba ta taɓa jin sunanta a bakinta ba. Ta ce ba kunyar take so in bari ba, minti ashirin kawai take roƙo kullum bayan la'asar, a tsakar gida inda akwai haske, in janye mayafi daga bakina in yi wa yarinyar magana a hankali. Sauran yinin in yi kunyata.

Ranar farko Fatiha na karanta wa yarinyar. Ta bi ni har ƙarshe. Ashe duk shekarun nan rabi-rabi take kamawa a Islamiyya, ana zane ta.

Dakta ce ta samo mata na'urar kunne. Duk zuwa sai ta kawo batir a cikin ɗan gwangwanin alawa, da alawa biyu a ciki don kada gwangwanin ya yi ƙarya, in ji ta. Ni kuma in ƙulle mata bandar kifi, ta ce direbanta ya gaji da ni, motar har Kano tana ƙarni. Hajiya Mai Bulala take ce mini. Da wani ne ya faɗa da mun ɓata.

Takardunta na bincike ban iya karanta su ba, Turancinsu ya fi ƙarfin sakandaren da na yi. Amma na san abin da ta bayyana mini da bakinta. Da can da kalmomin Turanci ake gwada yara, ɗan masunci ya kasa maimaitawa, a rasa ko kunnen ne ko yaren. Ita ta zauna ta tattara kalmomin da yaranmu suka sani, ta yi shekaru tana gwada su, ta rubuta yadda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai yi amfani da su ko babu inji. Nas ɗin ta ce ɗalibai da yawa a kan aikinta suke ɗora nasu, har daga wasu ƙasashe ana rubuto mata.

Ni dai da idona na gani. Bara na raka ƙanwata awo a Jahun, sai ga wani ma'aikaci da kati a hannu ya tsaya bayan wata yarinya yana cewa kifi, gero, rijiya. Na tambaye shi ko ya san Dakta Falmata. Ya ce bai taɓa ganin ta ba, a makaranta aka koya musu. Na fita waje na share ido.

Ganinmu na ƙarshe wata biyu ke nan. Yarinyar ta kai sha uku, kunne ya girma, robar na'urar ta yi mata kaɗan, sai fito take yi. Jin kunnen hagu kuma ya ƙara raguwa. Dakta ta ɗauki awon kunnen, ta ce bayan yankan shinkafa za ta dawo da sabuwar roba, ta sake saita na'urar, ta kuma je makaranta a mayar da yarinyar layin gaba kafin jarrabawa. Na ga Dakta ta rame, tana tari. Na yi mata faɗa kamar yadda na saba yi wa kowa, na ce mace mai shekarunta ta riƙa hutawa. Ta ce kunne ba ya jira, in ta huta wata shida akwai yaron da zai rasa maganarsa.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Har yanzu ba ki kira sunanta ba?"

Na ce ba a yi ba tukuna.

Ta yi dariya. "To ranar da za ki kira, ki tsaya a gabanta ta gani."

Yanzu ina zan nufa? Na'ura na fito, yara na dariya, yarinyar kuma ta cire ta ɓoye a jaka, ta zauna a aji kamar babu ita. Fayil ɗinta yana wajen Dakta, awon kunnen ma yana can. Ban san ofishin da zan je ba, ban san wanda zan kira ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce, akwai iyaye a Guri da ƙauyukan bakin kogi da ko waya ba su da ita, suna can suna jiran motarta.

Ɗalibanta, na ga kuna ta ɗora hotonta. Hoto ba ya saita na'ura. Ku ji tsoron Allah, ilimin da ta ba ku amana ne. Ko mutum ɗaya a cikinku ya ɗauki jakarta ya zo Haɗeja. Ina roƙon ku, ni da ban iya roƙo ba.

Iyaye kuma, in yaro ya daina amsa kira, ko ya fara ƙura wa bakinku ido, a ajiye bulala a kai shi a duba kunne. Kada a ɗiga masa komai. Ni na yi, kuma har in mutu ina neman gafara.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, yarinyar tana makaranta, ba ta sani ba. Kullum sai ta soke rana ɗaya a kalanda tana jiran zuwan Dakta. Mu in za mu faɗi mutuwa sunkuyar da kai muke yi, a kewaya, a ce jiki ya yi tsanani, sai mutum ya gane da kansa. Da ita ba zan samu wannan sauƙin ba. Dole in tsaya inda akwai haske, in janye mayafi, in kalle ta ido cikin ido, in faɗa a hankali har ta karanta a bakina. Sau uku na gwada a gaban madubi.

Allah ya jiƙan Dakta Falmata, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta. Duk kalmar da wani yaro ya ji ta dalilinta, Allah ya sa a mizaninta. Ya ba iyalanta haƙuri, ya kawo mana wanda zai ɗora daga inda ta tsaya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ku haɗa da 'yata, Allah ya tsare mata ragowar jinta.

Sunanta Habiba.

Na rubuta. Ƙarfe biyu za ta dawo, zan tsaya a gabanta in faɗa.