Iya Mai Shara da Mutumin Gado na Tara

A shekarar 1974 na fara ganin Iya, ranar Litinin ɗin da na kama aikin akawu a asibitin masu taɓin hankali. Shara take yi. Ba ta iya karatu ba, amma ita kaɗai ke kiran majinyata da sunayensu. Mu masu takardun shaida lambar gado muke kira.

A gado na tara akwai wani dattijo da ba ya magana, ƙafarsa ta dama kullum tana sama tana ƙasa. Likita ya rubuta alamar ciwo ce, ya ƙara magani. Da ƙafar ta ƙi tsayawa, aka yanke shawarar mayar da shi ɗakin kulle, inda ake ɗaure mutum a jikin gado.

Iya ta yi kwana uku tana shara a gefensa tana kallo.

"Akawu, ku da bokonku!" ta ce mini. "Keken ɗinki yake takawa. Tela ne. An taɓa tambayarsa?"

Ba a taɓa ba. Fom ɗinmu layi ashirin da biyu ne, ni nake cike shi, babu layi ɗaya na abin da mutum yake so.

Ta kawo masa zare da allura, ta ce, "Baba, aljihuna ya yage, a taimaka." Ya ɗinke tsaf. A kwana na biyar ya buɗe baki: "Zaren nan naki ba shi da kyau."

Babbar nas ta ga allurar, doka kuwa ta hana a ba majinyaci abu mai tsini. Aka zauna kwamiti. Na miƙe na goyi bayan Iya, na faɗi abin da na gani, abin da ya sa na yi shekara shida ba ƙarin girma. Ita kuwa aka kore ta kamar ɓarauniya. Da aka sallami telan, likita ya rubuta maganinsa ne ya yi aiki, kuma da hannuna na buga wannan ƙaryar.

Iya ba ta taɓa ce mini na gode ba. Amma bayan shekara ashirin, da ɓarin jikina ya shanye, 'ya'yana suna tsaye a kaina suna shawarar inda za su kai ni kamar kayan ɗaki, sai ga ta da sanda. Ta ratsa su, ta ja kujera.

"Ku yi mana shiru," ta ce. "Akawu, kai me kake so?"

Ta jira minti goma cur kafin harshena ya juya.