Shekarar da Awaki Suka Yi Ta Ɓari

A shekarar da awakinmu suka yi ta ɓari, ina gidan mijina a wani ƙauyen Hausawa kusa da Hasahisa, a ƙasar Sudan. Jirgin feshi, wanda muke kira tayyara, kan zo da hantsi, ya yi ƙasa-ƙasa a kan auduga har mu ga cikinsa, ya bar mana ɗaci a maƙogwaro. Iska kuwa ba ta san iyakar gona ba. Takan kai feshin har cikin tur'a, magudanar ruwan da mu da dabbobinmu muke sha.

Jar akuyata ce ta fara. Na tarar da abin da ta ɓarar a bayan garke, 'yar tsoka jage-jage, ba kai ba ƙafa, kamar tuwon da bai tuƙu ba. Sai ta maƙwabta, sai ta gidan liman. Likitan dabbobi da ya zo ya ce a makonnin farko ɗan tayi ƙwayoyin halitta ne kawai, kowace ta manne da 'yar'uwarta, kuma daga wannan riƙon ne fata da hanji da zuciya suke ginuwa. In guba ta shiga a lokacin, riƙon na iya sakewa. Ban gane duka ba.

Dattawa suka ce duk mai ciki ta zauna gida. Masu manyan ciki suka zauna. Ba wanda ya tuna da amare, alhali kowa ya san 'yarmu ba ta buɗa baki ta faɗi cikin fari, ko da wuƙa a wuyanta. Har yau abin na ba ni haushi, don mu muka koya musu kunyar nan, muna yaba musu.

Ƙanwata amarya ce a lokacin. Kullum tana cikin auduga tana cire ciyawa, in ƙishi ya kama ta ta sha daga tur'a da tafin hannu. Ran nan na gan ta durƙushe a bakin ruwa tana kakarin amai.

Na ce, "Ke ɗiyar ga, mi ka damun ki?"

Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Nan take na gane.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin tayyara ta fara zuwa, Yaya."

Na fizge fartanyar daga hannunta. "Halas, ya isa! Tashi mu tai gida."

Ta yunƙura, ta koma ta zauna, ta dafe mara.

"Yaya, tun da safe marata ka murɗawa. Don Allah kar ki gaya ma Inna."