Garin Gabu da Na Sayar wa Uwayen Masu Sikila

Ni 'yar Aliero ce, albasa nake sarowa in kai kasuwar Jega. Sai da na aurar da 'yar farina na shiga makarantar manya. Ranar da na karanta saƙo a waya da kaina, kuka na yi.

Autana yana da sikila. Duk abin da nake nema a waya kan ciwonsa ne, sai shafin sada zumunta ya fara nuno mini guruf na uwaye irina. Na shiga. Can na sami matan da suka san kwanan asibiti, muna ba juna haƙuri.

Wata rana na rubuta cewa yaro ya sami sauƙi. Aka yi mini caa: me kika ba shi? Ban ba shi komai ba sai maganin likita. Amma na ce wani gari ne na gado.

Gabu na daka, busasshen ganyen albasa, na haɗa da garin kuka, na fara sayar musu. Da ciniki ya buɗe, shafin ya ci gaba da jero mini wasu guruf-guruf, ni kuma ina bi ina zuba ƙarya. Ba sai na nemi kowa ba, a tare ake miƙo mini su.

Akwai wata Hajo daga Mungadi mai sayen garin don ɗiyarta, Yaya take ce mini. Ta kira ni ta ce, "Yaya, in bar mata maganin asibiti?"

Na ce, "Bar shi mana."

Nawa ɗan kuwa bai taɓa fashin na asibiti ba. Ɗiyar Hajo ba ta ga ƙarshen damina ba. Mijinta ya kai ƙara, aka ɗaure ni.

Da na fito na tafi Mungadi, na durƙusa gabanta. Ta ce, "Tashi, Yaya, na yafe miki. Ni da nib ba ta da hannuna, wa za ya yafe mani?"

Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara.

Ku yara, ku ji ni. Waya tana haɗa ku da masu damuwa irin taku, ba ta duba zuciyar kowa. Kada ku bar maganin likita don maganar wata a guruf. In kuma wahala ta haɗa ku da mutane suka yarda da ku, kada ku ci da hawayensu. Ni na fito daga kurkuku, yarinyar tana kabari.