Wankan Jego a Tsakiyar Teku

Ko da tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba na jin zai iya ɗauke watan da na yi a wani ɗan tsibiri can ƙarshen duniya, inda na je yi wa autata wankan jego. Jaririn da aka haifa har ya shiga makaranta, amma duk ranar da na ji ƙamshin dafaffen ganye sai in ga kaina a can.

Mijinta likita ne, ɗan unguwar Gyallesu a Zariya. Ya samu aiki a wani ƙaramin asibiti da ke duba masu nutso, mutanen nan da ke goya tulun iska a baya su shige ƙarƙashin teku kallon kifaye. Ni dai har gobe ban san abin da suka ajiye a can ƙasa ba. Haihuwar fari ce, kamata ya yi ta dawo gida Tudun Wada, amma cikin ya zo da laulayi aka hana ta doguwar tafiya. Na ce to, tunda ba za ta zo ba ni zan je. Na ɗaure busasshen ganyen runhu da na darbejiya, na haɗa da kanwa da kayan yaji. A filin jirgin saman ƙasar tasu aka buɗe jakata aka kwashe ganyen tas, wai ba a shiga da tsiro. Na yi masifa da Hausa har na gaji, babu wanda ya san ina yi.

Daga jirgin sama sai mota, daga mota sai kwalekwale mai inji. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin Galma ba, sai ga ni a kan ruwa shuɗi garai, kana hango yashin ƙasansa kamar an zuba a faranti. Wani ƙaton kunkuru ya ɗago kai daf da mu ya shaƙi iska ya koma, na dinga salati har muka isa. Tsibirin kuwa, in ka tashi daga gidanmu zuwa Kwangila a ƙafa ka kusa zagaye shi. Babu mota ko ɗaya, sai kekuna da keken doki. Ina sauka na ji ana kiran sallar la'asar daga cikin itatuwan kwakwa, daɗi ya kama ni, ashe Musulmi ne.

Murnata ba ta je ko'ina ba, saboda yadda na tarar da yarinyar. Ta haihu lafiya, amma ta yi zuru-zuru, ba ci, ba barci, ƙugu ya riƙe, nono bai kawo sosai ba, yaro na kuka tana taya shi. Na ce a kawo min babbar tukunya da itace. Aka ce ruwan rijiyoyinsu gishiri-gishiri ne, mai daɗin sai an yo dakonsa a kwalekwale. Na ce to a dama kunun kanwa. Nan surukina ya sunkuyar da kai, cikin ladabi ya ce ya ga mata da yawa a asibiti a Zariya waɗanda kanwa da tafasasshen ruwa suka kumbura musu zuciya, ba zai yarda ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa da wannan ruwan aka gasa uwarsa, ga shi kuma ta haifi likita. Duk da haka bai janye ba. Ga takardar izinin zamana ta wata guda ce, wato sai na tafi na bar ta da ɗanyen jiki tun ba ta yi arba'in ba. Wannan shi ne abin da ya hana ni sakat.

Haka na yi ta dafa ruwa a 'yar tukunyar miya ina ɗan gasa mata da tawul, ina dakon jarka, har nawa bayan ya ƙage. Sai ita mai jegon ta dame ni wai in je a yi min tausa. Abin da tsibirin ya fi yawa da shi ke nan bayan shagunan masu nutso. Ko'ina ka duba ɗakin tausa ne. Akwai na bakin ruwa, rumfar ganyen kwakwa da gadon katako, mutum na kwance iska na kaɗa shi. Akwai na manyan masaukai, inda ake jera wa mutum duwatsu masu ɗumi a gadon baya, ko a goge shi da garin shinkafa da kurkum, ko a tsunduma shi a kwarmin wanka an watsa furanni kamar za a yi miyarsa. Wasu tafin ƙafa kawai suke dannawa. Masu nutson nan, da tulun iska ya gajiyar da kafaɗunsu, nan suke zuwa a murza su da man kwakwa, ko da yake surukina ya ce wanda ya fito daga zurfi sai ya huta tukuna kafin ya kusanci ruwan zafi ko tausa mai ƙarfi.

Na ce Allah ya sawwaƙe, ni da girmana in kwanta baƙuwa ta taɓa min jiki? Sai da autata ta yi hawaye na yarda, aka kai ni wani ɗakin tausa na mata zalla a bayan masallaci.

Wata dattijuwa ce ta tarbe ni, gajeriya, da ɗan mayafinta. Ta yi min sallama na amsa, daga nan magana ta ƙare, ba ta jin nawa ba na jin nata. Ta ɗora hannu a bayana, wallahi kamar ta san inda ciwon ya kwana. Na fara lumshe ido ke nan sai hancina ya jiyo wani ƙamshi ta taga. Na tashi zaune zumbur. Dafaffen ganye ne. Ba runhu ba ne, amma duk macen da ta taɓa haihuwa ta san wannan tururin. Na ɗaura zane na bi ƙamshin ba tare da neman izini ba, tana biye da ni tana mamaki.

A bayan gidan na tarar da wata yarinya zaune a kan kujera 'yar tsuguno, an kewaye ta da tabarma, tukunya na tururi a ƙarƙashinta. Ga jinjiri a gefe cikin zani. Ga wani dutse sulɓaɓɓe ana ɗumama shi a bakin murhu, ga dogon ƙyalle na ɗaure ciki, ga kofi da wani abu ruwan ɗorawa mai ƙamshin citta. Na tsaya kamar an dasa ni. Na nuna yarinyar, na nuna rana, na tambaya da hannu har zuwa yaushe. Dattijuwar ta buɗe yatsunta goma, ta rufe, ta sake buɗewa, har sau huɗu.

Arba'in! Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kuka ba. Na haye teku da ƙasashe, an ƙwace min ganye, ina ganin na zo inda ba a san darajar mai jego ba, ashe Ubangijin da ya koya wa kakata shi ya koya wa tata. Na kwatanta mata da hannu cewa ni ma ina da tawa a gida, kwance. Ta dube ni kawai ta gyaɗa kai.

Washegari da hantsi sai ga dattijuwar a keken doki a ƙofar gidanmu, da tukunya da ganye da dutse da ƙyalle. Surukina ya duba komai, ya tsoma gwiwar hannu a ruwan ya ce iyakar zafin ke nan. Na harare shi, amma na bari. Muka raba aiki ni da ita. Ni na ɗaure ganyen ina tsomawa ina fyaɗa wa autata a jiki irin namu, ita kuma ta biyo baya da man kwakwa tana murza ƙugu da kafaɗu, ta naɗe dutsen a zani tana dannawa a mara, sannan ta ɗaure cikin tamau. Tun ba a gama ba yarinyar ta yi barci a hannunmu. Da ta farka ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Kafin mako ya zagayo nono ya wadata, har tana zolayata wai na fi ta son tausar, don kuwa kullum aka gama nata sai na miƙa nawa bayan.

Ranar tafiyata ta zo, arba'in da saura. Dattijuwar ta rako ni bakin ruwa tare da autata da mijinta. Na rasa da wane baki zan gaya mata abin da ke raina. Sai na kama hannun autata na sa a cikin nata, na ce, "Amana."

Ta damƙe hannun, ta ɗora ɗayan a ƙirjinta, ta ce, "Amana. In sha Allah."

Ta kuwa riƙe. Ba ta tsallake rana ko ɗaya ba har aka yi arba'in, aka aiko min da hoton su biyun, 'yata ta yi ɓul-ɓul.

Wani dutse irin wancan da dattijuwar ta sa min a jaka ranar tafiyata yana ɗakina a Tudun Wada, a filin jirgi ba wanda ya kula da shi. Ya gasa maƙwabta masu jego da dama. Abin da na koya shi ne, na daina zaton alheri a unguwarmu kaɗai yake kwana. Duk inda Allah ya sa mace ta durƙusa, ya riga ya ajiye hannun da zai tashe ta. Har yau ban san sunan matar nan daidai ba, amma ban taɓa idar da sallah ban sa ta a addu'a ba.