Kiryar da Na Shuka

Matata mai daddawa ce. Idan kalwa ta yi wuya, 'ya'yan kirya take dafawa, kirya kuwa sai can cikin dajin bayan Tsiga. A shekarun nan mahara sun saba faɗowa daga arewa da rani, su kwashi duk wanda suka tarar a bayan ganuwa. Ranar da ta ɗauki kwando ta fita, ba na taɓa tuwo sai ta dawo.

Shi ya sa na ce zan shuka mata kirya a bakin gonata, inda ko tari ta yi zan ji. Gari ya sha dariya. Na binne iri ya ƙi fita, na sake ya ƙi. Wani tsohon Bamaguje ne ya ce in daina ba kaina wahala, ƙwayar kirya ba ta tsira sai ta bi ta cikin saniya. Haka na riƙa bin garke ina tonon kashin shanu kamar buzuzu, ana nuna ni da baki. Guda ɗaya tak ta rayu.

Kirya ba ta san sauri ba. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, na yi ta jido mata ruwa a tulu rani bayan rani. Sai da furfura ta fito mini sannan ta yi furen fari.

A shekarar ce mai gari ya sa a ƙera bakin kibiya da yawa. Maƙera ba su da gawayin da ya kai na kirya, kuma su ma tsoron daji suke yi kamar kowa. Na dawo daga kasuwar Danja na tarar da kututture da hayaƙi a gurbin kiryata.

Na kai ƙara wurin mai gari. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na shuka ta da hannuna."

Sarkin maƙera ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, wa ya taɓa shuka kirya? Ai ta Allah ce, inda ta ga dama take fitowa."

Waɗanda suka yi mini dariyar kashin shanu duk suna zaune a wurin, amma ranar babu wanda ya tuna. Har yau ban yafe musu wannan shirun ba.

Da rani matata ta ɗauki kwando ta fita daji. Kwandon kaɗai aka tsinto. Kibiyoyin kuwa suna rataye a zauren mai gari, ko ɗaya ba a harba ba.

Da ruwa ya sauka, kututturen ya yi toho kore shar. Sarkin maƙera ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Malam, ka sa mata ƙaya, za ta tashi."

Na je na kwanto akuyata na ɗaure ta a jikin kututturen.